Gilashin Baya Mai Aiki da Wuta a Tsohuwar Motar Soja M1009: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa riƙe M1009 ya san wahalar gilashin bayanta. Kafin ka sauke buhu ɗaya sai ka fito, ka zagaya, ka yi ta murɗa hannun da ke jikin ƙofar har gilashin ya shige ciki gaba ɗaya, sannan ƙofar ta yarda ta kwanta. Ranar da hannun nan ya lalace kuwa, kuma yawan lalacewarsa sanannen abu ne, bayan motar ya rufe ke nan. Shi ya sa masu ita da yawa suke son mayar da gilashin mai aiki da wuta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki, da abin da na sani game da kowace.

Wace mota ce M1009, kuma me ya sa ba ta zo da gilashin wuta ba?

Chevrolet K5 Blazer ce da kamfanin General Motors ya ƙera wa sojojin Amurka, cikin dangin motocin da ake kira CUCV. An yi motocin wannan dangi tsakanin 1983 da 1986, kusan guda 70,000 gaba ɗayansu. 'Yan'uwanta su ne M1008 mai buɗaɗɗen baya, da M1010 ta ɗaukar marasa lafiya, da M1028 da M1031. Dukkansu injin dizal ne mai lita 6.2 da giya mai canza kanta, TH400. A cikinsu M1009 ce kaɗai mai gilashin da ke shigewa cikin ƙofar baya, don haka maganarmu a kanta take.

Soja ba su sayi jin daɗi ba. Abin da zai iya lalacewa a filin daga an rage shi, shi ya sa aka bar ta da hannun murɗawa. Amma jikinta na Blazer ne, kuma Blazer ta farar hula da tagwaniyarta GMC Jimmy sun zo da gilashin baya mai wuta ga wanda ya biya kuɗinsa. Daga jikin waɗannan ake ciro kayan aikin.

An ce motar volt 24 ce. Moton gilashi na volt 24 zan nema ke nan?

A'a. Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka bari in tsaya a kai.

M1009 wuta biyu gare ta. Batir biyu ne masu volt 12 kowanne, an jera su ɗaya bayan ɗaya, jimillarsu ta ba da 24. Altaneta ma biyu ne, kowace tana cajin batir ɗaya. Volt 24 ɗin na kik ne, da soket ɗin da sojoji ke tayar da wata mota da shi, da rediyon sadarwa, sai kuma layin hitocin da ke ɗumama injin dizal kafin a tayar da shi, wanda ake rage masa ƙarfi kafin ya isa gare su. Fitilu, da waifa, da fankar ɗumama ciki, da akwatin fis, duk volt 12 ne kamar na kowace Blazer. Saboda haka moton gilashin Blazer na farar hula shi ne daidai, kuma rile ɗin da za ka saya, wato makunnan da ƙaramar wuta ke kunnawa don su wuce da babbar wuta, su ma na volt 12 ne.

To a ina zan ɗauki volt 12 ɗin?

Daga batir ɗin da ƙafarsa mai alamar – take ɗaure kai tsaye da jikin mota, ko daga mahaɗar volt 12 da ke jikin bangon da ya raba inji da ɗakin direba. A motar da ba a taɓa wayoyinta ba, batir na gaba ne wannan. Amma motar da aka ƙera tun shekarun 1980 ta ratsa hannaye da yawa, wasu ma an mayar da su volt 12 zalla. Kada ka yarda da abin da aka gaya maka, ko da ni ne na faɗa. Ɗora baƙin bakin mitar awon wuta a kan ƙarfen mota mai tsabta, ka taɓa wurin da jan bakin. In ka ga 12 da ɗoriya, ko 14 da wani abu in injin na aiki, ka samu. In ka ga 24 zuwa 28, ɗauke hannunka.

Akwai tarko a cikin motar kanta. Yawancin M1009 suna da mahaɗar wuta a ciki, ta ɓangaren fasinja, wadda aka tanada don rediyon soja. Waya ce mai kauri, ga ta kusa da baya, kamar don wannan aikin aka ajiye ta. Volt 24 ce. Na taɓa ganin moton da aka haɗa a nan. Mai motar ya ce da farko har murna ya yi, don gilashin ya tashi da gudun da bai taɓa gani ba, ya daki sama da ƙarfi. A dannawa ta uku sai wari. Da muka buɗe moton, wayoyin cikinsa sun yi baƙi ƙirin, dalmar da ke riƙe su ta narke ta warwatsu a jikin murfin.

Wani kuma zai ce bari ya ɗauki ƙafafu biyu na batir na biyun, ai tsakaninsu 12 ne. Gaskiya ne 12 ne, amma ƙafarsa mai alamar – ba at ba ce, wato ba a ɗaure take da ƙarfen jikin mota inda wuta ke komawa ba, tana ɗauke da volt 12 in an auna ta da jikin mota. Duk ranar da wayar ta taɓa ƙarfe, batir na farko ka haɗe kai da kai, kuma gobara ba ta da nisa.

Wane batir zan fara cirewa kafin in fara aiki?

Fara da ƙafar da ke ɗaure da jikin mota. Bayan ita ka cire wayar da ta haɗa batir biyun. In za ka mayar, wadda ka fara cirewa ita ce ta ƙarshe. Ka cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka sa sufana a wurin.

Waɗanne kaya zan tanada?

Daga Blazer ko Jimmy ta shekarun 1980 za ka ciro regileta mai wuta, wato ƙarafan da ke ɗaga gilashin, tare da motonta da duk abin da ya haɗa su, da makunnin makulli na waje wanda zai zauna a gurbin hannun murɗawa, da ɗan makunnin tsaro na ƙofa. In ka samu ƙofar sukutum da arha, ɗauke ta, domin za ka ga yadda kamfani ya jera komai, kuma ƙananan notuna da maƙalai da ba a sayarwa a kasuwa suna ciki. Ka yanko filogin moton da ɗan tsawon waya a jikinsa.

Sababbin da za ka saya: rile biyu masu ƙafa biyar tare da soket ɗinsu, bireka (mai yanke wuta in ta yi yawa) mai amfiya 30, ƙaramin fis mai amfiya 5, makunni mai komawa tsakiya da kansa in an sake shi, waya mai kauri da siririya, bututun roba na rufe waya, da zobban roba na bakin rami. In kana da littafin gyaran motar na soja, mai lamba TM 9-2320-289-20, zanen wayoyinsa zai nuna maka abin da ke 12 da abin da ke 24.

Moton da na samu, ta yaya zan san irin haɗin da yake so?

Iri biyu ne ake samu a tsofaffin motocin General Motors. Na farko mai maganaɗisu ne a ciki, wayoyi biyu gare shi, jikinsa ba ya cikin layin wuta. Ka ba wa waya ɗaya + ɗaya –, ya juya dama. Ka musanya, ya juya hagu. Na biyu, wanda ya fi tsufa, shi ma wayoyi biyu ne ke fitowa daga cikinsa, amma at ɗinsa a jikinsa yake: waya ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa, kowace + take jira.

A ido suna iya rikita mutum, don haka gwada a kan benci. Sa mita tsakanin kowace waya da jikin moton. In babu haɗi, na farko ne. In akwai, na biyu ne. Minti biyu ne aikin, kuma shi zai gaya maka yadda za ka ɗaure rile.

Dole ne sai da rile? Ai kamfani bai sa ba.

Kamfani ya bar wutar moton tana bi ta cikin makunnin dashbod, ta yi tafiya har bayan mota, ta ratsa filogi da makunnai, sannan ta isa. Lokacin da komai yake sabo ta isa da ƙarfinta. Yau kowace mahaɗa ta yi tsatsa tana cin nata rabon, shi ya sa za ka ga Blazer da yawa gilashin bayansu yana hawa kamar mai ciwon baya, sai an taimaka masa da hannu. Tunda kai daga farko kake ɗora wayarka, babu dalilin gadon wannan matsalar. A ra'ayina rile biyu a bayan mota su ne rabin aikin. Wuta mai nauyi ta tafi kai tsaye daga batir zuwa baya ta waya ɗaya mai kauri, makunnai kuma su zama 'yan aike kawai, abin da ke bi ta cikinsu bai kai amfiya ɗaya ba.

Yaya ake ɗaure su?

Ƙafafun rile suna da lamba a jiki: 30, 85, 86, 87 da 87a. Ka kira ɗaya rile na sama, ɗaya na ƙasa. Ga moto mai maganaɗisu, wayar moto ta farko ta tafi ƙafa 30 ta rile na sama, ta biyun ta tafi ƙafa 30 ta rile na ƙasa. Ƙafa 87 ta dukkansu ta karɓi wuta daga wayar nan mai kauri. Ƙafa 87a ta dukkansu ta tafi at, ita ma da waya mai kauri, domin wutar moton ta nan take komawa. Ƙafa 85 at ce da siririyar waya. Ƙafa 86 kuma ita ke jiran saƙo daga makunni: ta rile na sama daga ɓangaren “sama”, ta rile na ƙasa daga ɓangaren “ƙasa”.

Duba abin da ke faruwa. In ba a taɓa komai ba, wayoyin moton biyu duk suna kwance a at, moton a tsaye cak. Ka danna sama, rile ɗaya ya ɗaga wayarsa zuwa +, ɗayar tana at, moto ya juya. Ka danna ƙasa, abin ya juye. In kuma wani ya danna sama a dashbod kai kana murɗa makulli ƙasa a waje, wayoyin biyu duk za su zama +, moton ba zai motsa ba, kuma babu abin da zai ƙone. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a wannan haɗin.

In ka gama ka ga sama tana kai gilashi ƙasa, musanya wayoyin moton biyu, shi ke nan. Ga moto mai at a jiki, ka bar 87a babu komai, ka ja wayar at mai kauri zuwa jikin moton. In rile ɗinka mai dayod ne a ciki, lallai + ta shiga ta 86, in ka juya zai ƙone dayod ɗin.

Zan iya amfani da makunnan da na ciro daga Blazer?

Za ka iya, amma ka gwada su da mita tukuna. Makunnan da aka yi don juya wutar moto da kansu sukan kwantar da wayoyinsu a at in ba a danna su ba. In ka haɗa irin wannan da wani makunnin a kan waya ɗaya, duk lokacin da ka danna ɗaya sai wutar ta zarce at ta cikin ɗayan, fis ya tashi. Maganin shi ne ka bar ƙafarsa ta at a sake, ka yi amfani da uku kawai: shigar wuta, sama, ƙasa.

Makunnin dashbod ya sha wuta daga layin da ke zuwa sai an kunna makulli, ta fis mai amfiya 5. Na waje ya sha daga wutar da ke nan kullum, tunda shi sai da makulli a hannu yake aiki. Ina roƙon kowa ya kiyaye wannan rabon. Gilashin nan babba ne mai nauyi, motonsa ba shi da na'urar da za ta ji ya matse wani abu ta tsaya kamar motocin zamani, kuma yara suna son wasa a bayan mota.

Wane kaurin waya?

Tsawon motar ya kusa mita biyar, amma waya ba miƙe take tafiya ba. Da lanƙwasa da zagaye, zuwa da dawowa, ka ƙaddara mita 12. Mu ɗauka moton yana jan amfiya 15 a lokacin hawa. Wayar tagulla mai lamba 14 a ma'aunin Amurka, wato kusan murabba'in milimita 2, za ta cinye kusan volt ɗaya da rabi a hanya. Mai lamba 10, wadda ta ɗan wuce murabba'in milimita 5, abin da za ta ci bai wuce volt 0.6 ba. Bambancin volt ɗaya ga moto mai ɗaga gilashi ba ƙarami ba ne. Ni lamba 10 nake sawa daga batir zuwa rile, lamba 12 daga rile zuwa moto tunda tazarar gajera ce, lamba 16 ko 18 ga makunnai.

Ka kula da wayar da ke kasuwa. Akwai mai robar da ta yi kauri, cikinta kuwa 'yan silalla ne, akwai kuma alminiyon da aka shafa wa ruwan tagulla. Ka fere bakinta ka kankare da wuƙa. In fari ya bayyana, ajiye ta. Kuma wayar gida mai sanda ɗaya ba ta da wuri a jikin mota, girgiza za ta karya ta.

Fis ko bireka?

Bireka mai amfiya 30, irin mai mayar da kanta in ta huce. Duk lokacin da gilashi ya kai ƙarshe, moton yakan tsaya alhali wuta na shiga, sai abin da yake ja ya yi tsalle na ɗan lokaci. Fis yakan gaji da wannan. Ka ɗaura ta dab da inda ka ɗauki wutar, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, domin wayar take karewa, ba moton ba. Duk tsawon wayar da ke tsakanin inda ka ɗauki wutar da bireka ba shi da mai tsaro.

Makunnin tsaron ƙofa ya lalace. In haɗe wayoyinsa in huta?

Mutane da yawa suna yin haka, ni dai ba na ba da wannan shawarar. Aikinsa shi ne hana gilashi fitowa in ƙofar tana kwance. A wannan halin babu ramin gefe da zai riƙe shi, nauyinsa duk yana rataye a kan regileta, kuma in wani ya ɗaga ƙofar ya rufe ba tare da ya lura ba, gilashin ya tafi. A tsohon haɗi makunnin yakan mutu ne saboda wutar moton gaba ɗaya tana bi ta cikinsa. Da rile kuwa sai ka sa shi a kan siririyar wayar at ta ƙafa 85, inda kusan babu nauyi. Sau da yawa wanda aka ce ya mutu, in aka goge bakinsa aka ba shi wannan ƙaramin aikin, sai ya ci gaba da yi.

Ta ina wayar za ta bi, kuma ina zan ajiye rile?

Ta bi jikin casis cikin bututun roba, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa, a ɗaure ta kowane ɗan taƙi. Duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba. Rile su zauna a cikin jikin mota, bayan bangon gefe kusa da fitilar baya, ƙafafunsu suna kallon ƙasa. Kada ka sa su a cikin ƙofar. Ruwan sama yana bin gilashi ya shiga cikinta, don haka ma aka yi mata ramukan zuba a ƙasa, waɗanda ya kamata ka zoƙale su tunda ka riga ka buɗe.

Wurin da ya fi cin waya shi ne mashigarta daga jikin mota zuwa ƙofa. Ka bar mata sassauci, ka buɗe ƙofar ka rufe sau da yawa kana kallo, ka tabbata ba ta miƙewa kuma ba ta matsewa. A nan waya takan karye a cikin robarta, waje lafiya lau, ciki a tsinke. Sannan kada ka dogara da maƙalan ƙofa su zama at. Giris da tsatsa ne a cikinsu. Ja wayar at ta musamman zuwa casis, ka kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure, sannan ka shafa giris a kai.

An ce regileta tana cire yatsa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Akwai naɗaɗɗen sifirin mai ƙarfi a jikinta da ke taya moton ɗaukar nauyin gilashi. In ka raba moton ko akwatin giyarsa da regileta alhali babu gilashi a kai, hannuwan za su fizgo da ƙarfi kamar almakashi. Kafin ka kwance, ka kulle faifan haƙoran da jikin farantin, ko ta zura ƙusa mai noti ta ratsa su biyun, ko ka danne su da matsi. Gilashin kuma mutum biyu ne ke ɗaukarsa.

Na haɗa komai daidai, amma gilashin yana hawa da ƙyar.

Sa mita a bakin filogin moton, wani ya danna sama, ka karanta a lokacin da gilashin ke tafiya. In abin da ka gani yana kusa da na batir, wayarka ta fita, laifin na ƙarfe ne. Tsohon giris yakan daskare ya haɗu da ƙura ya zama kamar ƙwalta, 'yan tayoyin da ke gudu a cikin layin gilashi sukan fashe, robar gefe takan kumbura ko ta naɗe. Wanke komai da kananzir, ka sa sabon giris, ka canza tayoyin da robar. Da ma kamata ya yi a fara da wannan kafin a ja waya ko ɗaya. In hannun murɗawa ya kasance yana da tauri, to da alama taurin ne ya karya shi, kuma shi zai kashe sabon moton.

In kuwa mita ta nuna 9 ko 10, bi layin baya-baya kana aunawa a kowace mahaɗa. Wadda ta yi ɗumi a hannu bayan dannawa biyu ko uku, ita ce.

Rile yana ƙara “ƙas”, moto shiru. Ko kuma yana sauka ba ya hawa.

In rile ya yi ƙara, makunni da siraran wayoyi lafiya suke. Duba ko wuta tana isa ƙafa 87, sannan ka duba at ɗin 87a. Abin da ke rikita mutane shi ne, lokacin hawa wutar tana komawa ne ta cikin rile na ƙasa. Don haka gilashin da ya ƙi hawa, laifin yana iya kasancewa a rile ɗin da ba ka zarga ba. Musanya su biyun ka ga ko matsalar ta koma ɗaya ɓangaren. In babu ƙara sam, fara da makunnin tsaro: tura ƙofar da kafaɗa ka sake gwadawa, don ƙofar da ba ta kama sosai ba takan hana shi haɗuwa. In moton yana aiki ya tsaya, bayan minti ɗaya ya dawo, zafi ne ke sa bireka yankewa, ka koma kan taurin gilashi.

Zan iya tafiya da gilashin a sauke, tunda yanzu daga kujera nake sarrafa shi?

Ka guji hakan. Iskar da ke bayan mota mai siffar akwati tana juyowa ne ta shigo ciki, ta kwaso hayaƙin salansa da ƙura. Ciwon kai da jiri a doguwar tafiya daga nan suke farawa, kuma na kujerar baya ne suka fi shaƙa.

In wuta ta ɗauke gilashi yana sama, yaya zan buɗe bayan?

Ƙofar ba ta buɗewa sai gilashi ya sauka, hannun murɗawa kuma ka riga ka cire shi. Abin da ya rage shi ne ka tsallaka kujeru, ka kwashe kaya, ka kwanta a bayan motar ka kwance murfin cikin ƙofar, gilashi yana tsaye a gabanka yana tare rabin abin da kake son gani. Na yi wannan da rana tsaka, gumi yana shiga ido, tocila a baki.

Tun daga ranar, duk wadda na haɗa nakan ja ƙarin wayoyi biyu daga layin moton, tsakanin rile da ƙofa, in rufe bakinsu da kyau in ɓoye su a bayan bangon gefe inda hannu zai kai daga ciki. In abu ya faru, ga moto mai maganaɗisu sai a zare rile biyun daga soket ɗinsu tukuna, domin suna riƙe da wayoyin moton a at, sannan a taɓa wayoyin nan biyu da kowane batir mai volt 12, ko da na babur ne. In gilashin ya yunƙura sama, a juya su.